Wasan Intanet Da Ya Koma Kan Tebur

A shekarar 1999 aka fitar da wasan EverQuest a Amurka. Ta intanet ake yin sa: dubban mutane su shiga wata duniyar almara mai suna Norrath, wani ya zama jarumi mai takobi, wani matsafi, wani mai warkar da abokan tafiya, su haɗa kai su far wa dodanni. A 2002 sai ga kamfanin White Wolf, ta reshensa na Sword & Sorcery, ya mayar da wasan littafi, don a riƙa yin sa a kan tebur da takarda da fensir. Wani zai ce ai wannan ci gaban mai haƙan rijiya ne. To amma a kan tebur aka haifi irin wannan wasa tun farko. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, kuma daga gare shi masu irin waɗannan wasannin kwamfuta suka ɗebi da yawa daga cikin dokokinsu.

Ga yadda ake yi. Mutum huɗu ko biyar za su zagaye tebur, kowa da takardar da aka rubuta ƙarfin gwarzonsa da wayonsa da makamansa. Ɗaya ne jagora, shi ke ba da labari. Zai ce, "Kun iso bakin kogo, ga mai gadi yana gyangyaɗi." Ɗan wasa ya ce, "Zan lallaɓa in zare makullin daga ƙugunsa." Sai a jefa dayis, irin na ludo amma mai fuska 20, a haɗa abin da ya fito da lambar gwanintarsa. In ta kai adadin da jagora ya tsayar, ya dace. In ba ta kai ba, mai gadi ya farka.

A nan tebur ya fi kwamfuta, a ganina. Na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka shirya mata. Jagora kuwa mutum ne. Ko 'yan wasa sun ce sulhu za su yi da dodon maimakon faɗa, nan take zai ƙirƙiro abin da zai biyo baya. Sai dai lissafin da kwamfuta ke gamawa kafin ƙiftawar ido, a tebur da hannu ake yi, faɗa ɗaya yana iya cin awa guda. Kashe dodo iri ɗaya sau ɗari don tara maki, wanda ya zama ruwan dare a intanet, babu mai juriyarsa a zaune gaban abokai.

Abin da ya sauƙaƙa wa masu buga littattafan shi ne lasisin da kamfanin Wizards of the Coast ya bayar a 2000, wanda ya halatta wa kowa amfani da ginshiƙan dokokin Dungeons & Dragons. Da shi aka yi littafin wasan intanet na World of Warcraft a 2005, ko da yake a 2011 kamfanin Blizzard, mai wasan, ya ce labaran ciki ba sa cikin ingantaccen tarihin duniyar wasansa.

Har yanzu ana yi. A 2024 kamfanin Square Enix na Japan ya fitar da wasansa na intanet Final Fantasy XIV a sigar tebur, a kwali ɗauke da taswirori da dayis da gwaraza huɗu shiryayyu, yadda baƙo zai iya zama ya fara a ranar.