Tsohuwar Peugeot 504 da Cutar Lantarki Mai Ɓuya

Da yawa daga cikin gidajenmu har yau akwai tsohuwar mota da ake lallaɓawa, wata ma gadon mahaifi ce. A cikin irin waɗannan babu kamar Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a shekarar 1968, aka kuma ci gaba da haɗa ta a Kaduna har zuwa 2006. Injinta yana da juriya, amma wayoyinta sun tsufa, zafi da ƙura da gargadar hanya sun ci su.

Cutar da ta fi gajiyar da mai gida ita ce mai zuwa ta tafi. Fitila ta ɗauke a tsakiyar dare, bayan ɗan lokaci ta dawo. Mota ta ƙi tashi da asuba, amma a gaban bakanike ta tashi lafiya lau. Nan ne ake sayen batir sabo, a sake bobin, kuɗin cefane ya ƙare, cuta tana nan.

Sau da yawa kayan ba su lalace ba, mahaɗarsu ce ta saki ko ta yi tsatsa. Wuta takan fita daga batir ta bi waya, sannan ta koma ta jikin ƙarfen motar, abin da makanikai ke kira mas. In wannan hanyar komawa ta yi rauni, sai wuta ta nemi wata. Shi ya sa mukan ga an taka birki, fitilar juyawa ta kama da ɗan haske.

Saboda haka mu fara da lura. Yaushe abin yake faruwa? In a kan gargada ne, waya ta saki ko ta karye cikin robarta. In bayan inji ya yi zafi ne, kuma ya warke da ya huce, a duba bobin. In da damina ne, ruwa ya shiga mahaɗa.

Daga nan a kashe mota, a cire kan batir na mas tukuna, a goge kawunan biyu, da inda wayar mas ta kama jikin mota da inji, har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam. A duba mazaunin fis ɗaya bayan ɗaya. Sai a tada inji, a kunna fitilu, a riƙa motsa wayoyi a hankali, nesa da fanka. Inda haske ya yi rawa, nan cutar take. Ma'auni ma yana taimakawa: lafiyayyen batir yakan nuna wajen volt 12,6 a kashe, kusan 14 in inji yana aiki. A gyara abu ɗaya, a gwada, kafin a taɓa wani.

Muna jan kunne a kan abu guda. Kada a maye fis da ya ƙone da guntun waya ko takardar kwalin taba. An yi fis ne domin ya ƙone a madadin motar. In aka hana shi, wayoyi ne za su kama wuta, alhali iyali suna ciki.

Ga ƴan'uwanmu makanikai kuma, amana ce a hannunku. Sayar wa mutum kaya sabo alhali goge mahaɗa ya isa, cin dukiyarsa ne ba da haƙƙi ba. Mu kuma masu mota, mu biya ladan bincike da daɗin rai, ko da ba a sake komai ba, domin gano cutar shi ne aikin.

Allah Ya kiyaye mu a kan hanya, Ya maido mu ga iyalanmu lafiya.