Intanet a Ɗakin Karatu na Makaranta: Bayani ga Malamai da Masu Kula da Littattafai

An shirya wannan ɗan bayani ne domin malaman makarantu, da kuma mutanen da aka ɗora wa nauyin tsaron ɗakin karatu, watau laburare. A makarantu da yawa waɗannan biyu mutum ɗaya ne, wani malami ne da aka miƙa wa mabuɗin kabad, aka ce ya kula. In ya buɗe kabad ɗin, sau da yawa abin da zai tarar shi ne littattafai kaɗan, tsofaffi, waɗansu gara ta taɓa su, waɗansu kuwa an rubuta su ne domin yaran wata ƙasa mai nisa. Ga yara cike da aji suna jiran abin karantawa, kuɗin sayen sababbi kuwa ba kullum yake zuwa ba.

Yanzu akwai wata hanya. Jami'o'i da ƙungiyoyi na ƙasashe dabam dabam sun tara littattafai da darussa cikin intanet, sun ce kowa ya ɗiba kyauta. Amma intanet kamar kasuwar Kurmi take ran da ta cika: akwai kaya na ƙwarai, akwai na jabu, babu kuwa mai tsayawa a ƙofa ya rarrabe wa baƙo. Wanda ya shiga bai san rumfar da zai nufa ba, sai kuɗin datarsa ya ƙare ya fito hannu wofi. Saboda haka aikin mai kula da ɗakin karatu bai ragu ba. Shi ne zai san rumfar, ya zaɓo, ya sauke sau ɗaya, ya ajiye inda yara za su samu ko da babu layi.

Littattafan ƙananan yara

A nan ne buƙata ta fi tsanani, gama yaro yakan fi saurin koyon karatu cikin harshen da yake ji a gida. Rumbun da ya kamata a fara buɗewa shi ne African Storybook, wanda wata ƙungiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta buɗe cikin 2014. Labarai ne gajeru masu hotuna, mafi yawansu mutanen Afirka suka rubuta, cikin harsuna masu yawa, har da Hausa. An kasa su mataki biyar. Na fari kalmomi ƙalilan ne a kowane shafi, na ƙarshe kuwa dogon labari ne wanda malami zai karanta wa aji da babbar murya. Malamin aji ɗaya ya tsaya a mataki na fari, kada kyan hoto ya ruɗe shi ya ɗauko abin da ya fi ƙarfin yaransa.

Akwai kuma StoryWeaver na ƙungiyar Pratham Books ta ƙasar Indiya, wanda aka buɗe cikin 2015, da Bloom na ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna, da Global Digital Library wanda ƙasar Norwe ta ɗauki nauyinsa, aka buɗe cikin 2018. Dukansu ana samun littattafan Hausa a ciki.

Babban amfanin waɗannan rumbuna shi ne an yarda a sauke littafi, a buga shi a takarda, a kuma fassara shi. Malamin da ya ga labari mai kyau cikin Turanci yana iya juya shi zuwa Hausa, ko Fulatanci, ko Kanuri, hotunan suna nan yadda suke. Littafin shafi goma sha biyu ko sha shida ba ya cin takarda da yawa in an buga gaba da baya aka ninke. A ɗinke shi da zare, a yi masa bango da kwali, ya zama littafin aji.

Sai dai a yi hattara da abu guda. Yawancin masu fassara 'yan sa kai ne, ba dukansu suka ƙware da ƙa'idar rubutu ba. Akan tarar da littafin da aka bar ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa, ko aka haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Babba yana iya gane abin da ake nufi, amma yaro mai koyo abin da ya gani shi zai ɗauka. Lalle ne malami ya karanta littafi daga fari har ƙarshe kafin ya kai shi wurin bugawa, ya gyara abin da ya karkace.

Abin da aka halatta a ɗiba

Ba duk abin da hannu ya kai gare shi a intanet ne halal ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu cikin 2023, ta tsare wa marubuci littafinsa muddin ransa, da kuma shekara 70 bayan rasuwarsa. Marubucin da ya rasu cikin 1980, haƙƙin littafinsa yana nan har ƙarshen 2050. Littattafan da ake ɗauka a hoto ana yawo da su ta WhatsApp, da yawansu ba a nemi iznin masu su ba, bai kuwa dace makaranta, wadda ke koya wa yara amana, ta cika ɗakin karatunta da su ba.

Alamar da za a nema ita ce ta Creative Commons, wata ƙungiya da aka kafa a Amurka cikin 2001 domin marubuci ya iya faɗa tun da fari abin da ya yarda a yi da aikinsa. Akan ga haruffa CC a bangon littafi ko a ƙarshensa, biye da waɗansu. BY na nufin a yi amfani amma a ambaci sunan mai shi. NC na nufin kada a sayar domin riba. ND na nufin kada a sāke komai a ciki a rarraba, fassara ma tana cikin abin da aka hana. SA kuwa na nufin wanda ya gyara ya saki nasa bisa sharaɗin da ya tarar. Wanda ya haddace waɗannan huɗu ya huta da shakka.

Manyan rumbuna

Mafi tsufa shi ne Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya soma cikin 1971 yana ɗalibi a Jami'ar Ilinoi. Littattafansa sun haura 70,000, galibi na Turanci waɗanda haƙƙinsu ya ƙare a Amurka. Malamin adabin Turanci zai sami wasannin Shakespeare a can, amma sabon littafin kimiyya ba wurinsa ba ne.

Internet Archive kuwa, wanda Brewster Kahle ya kafa cikin 1996, ya fi shi girma nesa. A ciki ana samun hotunan tsofaffin littattafai shafi shafi, har da na Hausa na farkon boko, irin su Magana Hausa na Schön na 1885, da ƙamus na Robinson. Da can yana ba da aron sababbin littattafai masu yawa, amma masu ɗab'i suka kai shi ƙara a Amurka, ya sha kaye cikin 2023, ya ɗaukaka ƙara ya sāke shan kaye cikin 2024, aka janye littattafai wajen 500,000 daga aro. Wannan darasi ne ga mai kula da ɗakin karatu: abin da ke buɗe yau yana iya rufewa gobe, sai abin da aka halatta saukewa aka kuwa sauke shi ne ya zama na makaranta.

Malamin tarihi da na Hausa su san kuma Jami'ar Boston ta ɗauki hotunan rubuce-rubucen ajami na Hausa ta sa a intanet, kowa yana iya dubawa. Ɗalibin da ya ga waƙa da wasiƙa cikin rubutun kakanninsa zai gane cewa karatu bai fara da zuwan Turawa ba.

Inda babu layi, ko lantarki ba ya tsayawa

Wannan ita ce damuwar yawancin makarantun karkara, an kuwa yi mata magani fiye da yadda mutane suka sani. Kiwix wata manhaja ce da Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fito da ita cikin 2007. Aikinta shi ne ta dunƙule rumbu ɗungum cikin fayil ɗaya, a karanta shi ba tare da intanet ba. Wikipedia ta Turanci da hotunanta tana cin wajen gigabait 100, watau katin ajiya ɗaya wanda bai kai farce ba yana iya ɗauke ta. Ta Hausa ƙarama ce ƙwarai bisa ga wannan, wayar hannu ma tana ɗaukarta.

Kolibri kuma, ta ƙungiyar Learning Equality, an sake ta cikin 2017. Ana sa ta a kwamfuta ɗaya, a zuba mata darussa, sa'an nan wannan kwamfuta ta riƙa watsa su ga wayoyi da allunan da ke cikin ɗakin ta ƙaramar na'urar waifai, ba a biyan ko kwabo na data. Cikin abin da ake iya zubawa akwai darussan lissafi na Khan Academy, da gwaje-gwajen PhET, waɗanda Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin fizis, ya soma a Jami'ar Kolorado cikin 2002. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, ɗalibanta suna iya haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan allon kwamfuta su ga yadda wuta ke gudana. Bai kai taɓawa da hannu ba, amma ya fi zane da alli nesa ba kusa ba.

Dabarar ita ce a yi tafiya ɗaya. Malami ya je gari inda layi ke da ƙarfi, ya sauke abin da ya riga ya rubuta a takarda, ya komo. Makarantun da ke maƙwabtaka su kwafa daga wurinsa, ba sai kowacce ta biya nata ba. Kwamfutar cinya ɗaya da faifan hasken rana da batir sun isa a fara.

Domin malami kansa akwai TESSA, wanda Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ingila ta soma cikin 2005 tare da cibiyoyin horon malamai na Afirka, cikinsu har da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Darussa ne kan yadda ake koyarwa a aji mai cunkoso da kayan da ke kusa. Cikin 2022 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport, mai bin manhajar karatu ta ƙasa.

Tsarin littattafai

Ɗakin karatun da ba shi da tsari tarin takarda ne kurum. Yawancin makarantu suna bin tsarin da Melvil Dewey ya fitar cikin 1876, wanda ya kasa ilimi gida goma: 200 addini, 400 harsuna, 500 kimiyya, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa, da sauransu. Littattafan Musulunci suna 297, adabin Hausa kuwa 893.72. Wanda ya rasa lambar da zai ba littafi, sai ya duba lambar ISBN da ke bayansa, mai alƙalami 13, ya rubuta ta a WorldCat ko a kundin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, sau da yawa zai tarar wani ya riga ya yi aikin. Amma littattafan Hausa da yawa da ake bugawa a Kano ba su da wannan lamba, ba su kuwa cikin waɗancan kundaye. Su sai mai kula ya rubuta katinsu da hannunsa.

Akwai manhajar tsaron laburare kyauta mai suna Koha, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Niyuzilan aka fara aiki da ita cikin 2000. Sunan na nufin kyauta cikin harshen Mawori. Tana da kyau ga kwaleji, amma tana son mai sanin kwamfuta sosai. Makarantar da littattafanta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, jadawali a kwamfuta da littafin rajista sun ishe ta.

Na'urar da ke ba da amsa

Tun da aka saki ChatGPT cikin Nuwamba 2022, malamai da ɗalibai sun shiga tambayar irin waɗannan manhajoji. Suna taimakawa wajen tsara tambayoyi ko sauƙaƙa bayani, amma sukan ƙaga abin da babu, su faɗe shi ba tare da ɗar ba. Cikin Mayu 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta Amurka ta fito da jerin littattafai 15 da ta ce a karanta, daga baya aka gane 10 daga ciki ba a taɓa rubuta su ba, na'ura ce ta ƙaga sunayensu ta jingina wa marubuta na gaske. Duk sunan littafin da na'ura ta bayar, a neme shi a kundin laburare kafin a rubuta shi a allo. Wikipedia ma, tun da kowa yana iya gyara ta, a koya wa ɗalibi ya gangara ƙasan shafi ya ga inda aka samo maganar, ya kuma duba shekarar da aka rubuta ta.

Duk abin da aka sauke a shigar da shi rajista kamar littafin takarda: sunansa, da mai shi, da rumbun da ya fito, da alamar izninsa, da ajin da ya dace da shi, da ranar da aka sauke. A yi kwafi biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a katin ajiya cikin ofishin hedimasta, gama kwamfuta takan lalace, malami kuma akan yi masa canjin wurin aiki. A ƙarshen kowane zangon karatu a gwada katin a ga ko yana buɗewa, sa'an nan a rubuta jerin abin da za a sauko da shi a tafiya ta gaba.