Yaƙin Karkar: Wa Ya Kawo Me Cikin Ƙawancen Sarakuna?

A shekara ta 853 kafin haihuwar Annabi Isa, Shalmanesar na Uku, sarkin Assuriya, ya doshi yamma da rundunarsa. A Karkar, bakin kogin Orontes a Siriya ta yau, ya tarar da sarakunan yankin sun haɗa kai suna jiransa. Littafi Mai Tsarki bai ambaci wannan yaƙi ba. Alƙaluman sun fito ne daga wani dutse da Shalmanesar ya sa aka sassaƙa, wanda aka gano a Kurk ta ƙasar Turkiyya a 1861, yanzu yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan.

Gudummawar manya uku

Hadadezer na Dimashƙu: karusan yaƙi 1,200, mahaya 1,200, dakarun ƙasa 20,000.
Irhuleni na Hamat: karusai 700, mahaya 700, dakaru 10,000.
Ahab na Isra'ila: karusai 2,000, dakaru 10,000.

Jimilla ke nan karusai 3,900, mahaya 1,900 da dakaru 40,000. Dimashƙu ce ta ɗauki rabin nauyin dakaru, Isra'ila kuma ta kawo fiye da rabin karusai. Ƙananan ma ba su zo hannu rabbana ba: tsibirin Arwad ya aiko mutum 200, Gindibu Balarabe ya zo da raƙuma 1,000. Wannan ne ambato mafi daɗewa na Larabawa da sunansu a rubuce. Dutsen ya ce sarakuna 12 ne, amma in ka ƙirga sunayen 11 za ka samu.

Karusai 2,000 na Ahab

A nan masana suka rabu. Wasu na ganin ƙasa kamar Isra'ila ba ta da ƙarfin ciyar da dawakin da za su ja karusai 2,000, don haka marubuci ne ya yi kuskure, 200 ake nufi. Wasu sun ce har da na maƙwabtan Ahab aka lissafa, musamman Yahuza. Wannan ra'ayi yana da madogara: a 1 Sarakuna sura 22, Yehoshafat sarkin Yahuza ya sa jama'arsa da dawakinsa a hannun Ahab, kuma auratayya ta riga ta haɗa gidajen biyu.

14,000 da suka koma 29,000

Dutsen Kurk ya ce an kashe mutum 14,000 daga rundunar ƙawancen. A rubuce-rubucen da Shalmanesar ya yi daga baya, adadin ya zama 20,500, ya zama 25,000, har ya kai 29,000. Yaƙi ɗaya, amma gawarwaki sun ninka. Lissafin fada ne, na kirari ne. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne yawan dawowarsa: a 849, 848 da 845 ya sake fuskantar ƙawancen da Dimashƙu ke jagoranta, a karo na ƙarshe da mutum 120,000 bisa faɗarsa. Wanda ya gama da abokin gāba ba ya komawa fage har sau uku.

Shekara 3, shekara 12

Ƙawancen nan tsoro ne ya ƙulla shi, domin Isra'ila da Dimashƙu tsofaffin abokan gāba ne. Littafin Sarakuna ya ce shekara 3 kawai suka yi ba yaƙi a tsakaninsu, sannan Ahab ya mutu yana faɗa da Suriyawan Dimashƙu a kan Ramot-gileyad. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 841, shekara 12 bayan Karkar, Hazayel sabon sarkin Dimashƙu ya tsaya shi kaɗai, Assuriyawa suka yi masa ƙawanya a birninsa, Yehu na Isra'ila kuwa ya kai wa Shalmanesar gandu na azurfa da zinariya.