Jirgin Shan Iska: Ƙarami ko Babba?

A Amurka da Kanada mutane kan sayi ƙananan jiragen alminiyam, wato goran ruwa, domin shan iska a tafki. Nauyin wannan ƙarfe kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne.

To, ga jirage biyu, ɗaya ƙafa 12, ɗaya ƙafa 16. Wanne za a zaɓa?

Arkimidis, masanin Girkawa, ya nuna ruwa yana tallafar jirgi da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da jirgin ya ture. In sifarsu ɗaya ce, babban ya ɗara da sulusi a tsawo, da faɗi, da zurfi, saboda haka cikinsa ya fi ninki biyu na ƙaramin. Ya fi ɗaukar kaya, ya kuma fi jure igiyar ruwa.

Ƙaramin kuwa, mutum biyu sa ɗora shi bisa mota. Amma in an cika shi, bakinsa yakan kusanci ruwa, igiya kaɗan sai ta afka ciki.

Saboda haka a ƙidaya masu shiga, a dubi girman tafkin, sa'an nan a zaɓa. Sai mako mai zuwa.