Injin ya buga: shin inshora za ta biya?

A ce mai Kanta ne daga Durun, ya yi lodin masara zai kai Dawanau. Bai kai Kano ba injin ya ɗau zafi, ya buga a titin Gwarzo. Ya zaro takardar inshorarsa yana cewa ai yana biya duk shekara. Gaskiyar magana, da wuya ya samu ko sisi.

Inshorar da yawancin direbobinmu ke yanka ita ce wadda doka ta tilasta, wato mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Tun watan Janairun 2023 hukumar NAICOM ta sa kuɗinta ga manyan motocin dakon kaya naira 100,000 a shekara, tana biyan dukiyar wani har naira miliyan 5. Motarka kuwa ba ta ciki. Ita cikakkiyar inshora ta haɗa da hatsari, gobara da sata, amma a ka'ida tana cire lalacewar inji da cinyewar kayan mota saboda tsufa. In karo ne ya fasa injin, za a duba. In da kansa ya mutu, naka ne.

To ina ga motar da aka taɓa? Nan ne ɗan kimiyyar ya shigo. Idan aka ƙara sifirin, aka ɗaga bodi, motar za ta ɗauki buhunan da suka wuce ƙarfinta. Sai a ce wa bakanike ya buɗe famfon injekta don ta ja. Gas ya ƙaru, amma iskar da ke shiga ba ta ƙaru ba. Baƙin hayaƙin nan da wasu ke ɗauka alamar ƙarfi ne, man da bai gama ƙonewa ba ne. Zafi yana taruwa a kan fistin, wanda galibi da alminiyam ake yin sa, shi kuwa alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, kuma tun kafin nan ya fara laushi. Lagireto na nan yadda kamfani ya auna shi, bai san an ƙara masa aiki ba. Mai haɗa kalanzir da gas kuma, famfo da nozul yake cinyewa, don kalanzir ba shi da santsin da suke buƙata.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: inshora, har da takaful, a kan faɗin gaskiya aka gina ta. In ka sauya wa mota wani abu ba ka sanar ba, kamfani na iya ƙin biya ko da hatsari ne na gaske, musamman in mai bincikensu ya ga lodi ya wuce abin da ke rubuce. Don haka kafin ka kai ta gareji, rubuta musu abin da za a sauya, ka karɓi amincewarsu a rubuce. Ƙila su ƙara maka kuɗi, ƙila su ce ba su yarda ba.