Waƙar "Savage": Abin da masu sharhi suka auna da abin da suka tsallake

A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gidaje, mawaƙiyar Amurka Megan Thee Stallion ta fitar da waƙarta mai suna "Savage". Wata matashiya, Keara Wilson, ta ƙirƙiro mata rawa ta ɗora a TikTok, nan take 'yan mata suka shiga kwaikwayo a ƙasashe da dama. Ranar 29 ga Afrilu aka sake fitar da waƙar da muryar Beyoncé a ciki. Mu kuwa a lokacin muna kwanakin farko na Ramadan, masallatai da yawa a rufe, yara na gida, waya a hannu.

Masu sharhin waƙa sun yaba ƙwarai, musamman sabon zubin. Sun yabi salon Beyoncé, sun ɗauki haɗuwar matan biyu, dukansu 'yan birnin Houston, a matsayin alamar ƙarfin mace baƙar fata. Waƙar ta kai matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, ta kuma ci kyautar Grammy biyu a 2021. Kuɗin da sabon zubin ya samar an ba wata ƙungiyar agaji ta Houston domin waɗanda annobar ta shafa.

Ba na musun gwanintarsu, kuma adalci ne a faɗi alherin da aka yi wa mabuƙata. Sai dai ma'aunin mai sharhi yana tsayawa ne a kan murya, kiɗa da sabon salo. Bai tambayi abin da baitocin suke koya wa yarinya 'yar shekara goma sha uku ba, alhali suna alfahari da surar jiki, har a sabon zubin an ambaci wani shafin intanet da ya shahara da sayar da hotunan tsiraici.

Ɗalibai kan ce mini ai malamai sun yi saɓani kan kiɗa. Haka ne. Jumhur sun hana kayan kiɗa ban da ganga mai fuska ɗaya a biki, Ibnu Hazmin ya halatta, Imam Gazali ya yi rangwame da sharuɗɗa a littafinsa Ihya'u. Amma a cikin masu sassaucin babu wanda ya yarda da kalaman batsa, ko mace ta karkaɗa jiki gaban idon da ba muharraminta ba. Saɓanin bai iso nan ba ko kaɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne rawar. Waƙa ana saurara ne, rawar TikTok kuwa gayyata ce: ki tashi, ki yi, ki ɗauka, ki tura. Yawancin 'ya'yanmu da ke bin irin wannan yayi ba su san ma'anar Turancin ba, daƙiƙu kaɗan kawai suka ji. Masu waƙar sun tafi da kyaututtukansu. Bidiyon yarinyar kuwa, ko ta goge shi, yana nan a wayoyin mutanen da ba ta taɓa gani ba.