Kwale-kwalen ceto: Ƙaramin ƙarfen da kan hana shi isa bakin ruwa

A ambaliyar 2012, da kuma ta 2022, ruwa ya shafe wani sashe na hanyar Abuja zuwa Lokoja, matafiya suka kwashe kwanaki a gefen titi. A irin wannan lokaci hankalin kowa kan koma ga kwale-kwalen ceto: ko injinsa na tashi, ko akwai mai, ko rigunan ruwa sun wadata. Da wuya a ji wanda ya tambayi lafiyar tirelar da za ta ɗauke shi daga harabar ofis zuwa gaɓar kogi. Alhali kuwa tafiyar kusan kilomita 200 ce, kuma dukkan nauyin yana kan wasu 'yan ƙarafa ne da makanikai ke kira boris.

A cibiyar kowace tayar tirela akwai boris biyu, na ciki da na waje, suna juyawa cikin giris. Daga baya akwai zoben roba, wato sil, mai hana giris fita, daga gaba kuma akwai murfi. Aikinsu ya fi na mota wuya saboda ƙanƙantar taya. Tayar tirela mai inci 12 kan juya fiye da sau 800 a minti ɗaya idan ana gudun kilomita 80 a awa, yayin da tayar Hilux ɗin da ke janta ba ta wuce kimanin sau 550. Yawan juyi kuwa yawan zafi ne.

Babbar matsalar ba a kan titi take ba, a bakin ruwa take. Direba ya iso da cibiyar taya da zafi, ga gaggawa, sai ya yi baya da tirela cikin kogi nan take. Iskar da ke cikin cibiyar ta huce farat ɗaya ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa ta gefen sil. A damina ruwan Neja da Binuwai jawur yake da laka, don haka abin da ya shiga ba ruwa kaɗai ba ne, har da yashi mai laushi da ke cin ƙarfe kamar zarto. A Legas kuwa ruwan gishiri ne, wanda tsatsarsa ta fi sauri. Giris ɗin da ya haɗu da ruwa yakan koma fari-fari kamar kindirmo, ya daina riƙe ƙarfe. Daga nan a mayar da tirelar ofis a ajiye ta wata shida ko bakwai, tsatsa tana aikinta a ɓoye. Ranar da aka sake buƙatarta, tana iya yin kilomita hamsin lafiya, sannan boris ya narke, taya ta cije, ko ma ta fice ta bar kwale-kwale a ƙasa.

Maganin farko ba ya cin ko sisi: a bar tirela ta huce kamar minti goma sha biyar kafin a tsoma ta. Lokacin ba ya tafiya a banza, domin a cikinsa ake kwance igiyoyi, a ɗora kaya, a duba inji. A kan hanya ma, duk inda aka tsaya, direba ya ɗora bayan hannunsa a kan cibiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi ba ne. Amma idan ɗaya ta fi sauran zafi har hannu ba ya iya daɗewa a kai, tafiya ta tsaya ke nan.

Sai batun giris. Wanda ake aunawa a ledoji a bakin tasha bai dace da wannan aiki ba. Akwai na musamman da aka yi domin jiragen ruwa, mai kauri lamba 2, wanda ruwa ba ya saurin wanke shi. Kuma kada a gauraya iri biyu, domin wasu idan sun haɗu sukan tsinke su zube. Ƙa'idar da masu ƙera tirela suka saba bayarwa ita ce a kwance cibiyar sau ɗaya a shekara, a wanke boris da kananzir, a shanya, a duba. Wanda ya yi ramuka ko ya koma shuɗi saboda ƙuna a canza shi tare da zoben da yake gudu a kai, a cusa sabon giris har ya ɓullo ta tsakanin ƙarafan, a sa sabon sil. Wajen ɗaure noti ne makaniki mai gaggawa kan yi ɓarna: ana matse shi ne ana juya taya, a sassauta, a mayar da ƙarfin yatsu, sannan a zura sabon fin. Notin da aka ɗaure tamau yakan ƙone boris cikin tafiya ɗaya.

Akwai kuma murfi mai sifirin a ciki, irin Bearing Buddy na Amurka, wanda ke danna giris a hankali domin ruwa ya rasa hanyar shiga. Yana da amfani, sai dai masu zuba giris da famfo kan wuce gona da iri, su fasa sil na baya, su buɗe wa ruwa ƙofar da ta fi ta da faɗi. Bai kuma ɗauke wajabcin kwancewar shekara-shekara ba.

Ga jami'in da takardar gyara ke bi ta teburinsa, abin lura shi ne tirela ba ta da inji, ba ta shan mai, saboda haka sau da yawa ba ta shiga jadawalin sabis na motoci. Wata na Mayu ko Yuni, kafin koguna su cika, shi ne lokacin da ya dace a ɗaga kowace taya da jak, a girgiza ta, a juya ta a saurari ko tana gurnani. A ajiye kuma cibiya guda da aka riga aka haɗa da boris da giris a cikin motar da ke jan tirelar, tare da sifana da fin, domin samun daidai girmanta a Abaji ko Koton Karfe da tsakar dare ba abu ne da za a dogara da shi ba.